Gardamar Yunanawa a Kan Mutuwa

A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, mutanen Atina suka yanke wa Sukuratu hukuncin kisa. Ya shanye dafin ba gardama, domin a ganinsa rai ba ya mutuwa. Almajirinsa Aflatun ya ƙara da cewa abin da ido ke gani inuwa ce kurum. Abikuru kuwa ya ce sam, kome ƙwayoyi ne, in sun watse shi ke nan.

Mu nan ta hannun Larabawa muka sami mandiƙin Aristo, har Shaihu Abdulƙadir ɗan Tafa na Sakkwato, wanda ya rasu a 1864, ya yi talifi kan falsafa. Amma kan tashin ƙiyama malamanmu ba su bi kowannensu ba, gama ko Aflatun, da muke ganin ya fi kusa, rai kaɗai ya tsirar, ya bar jiki cikin ƙasa.