Daga alkaki zuwa cantucci: kowane gari da kayan maƙulashensa

A Aboabo, kamar sauran zangunan Kumasi, ana gab da ƙaramar Sallah ko wani babban biki za ka ji ƙamshin suya ya cika lungu. Abin da ake jerawa a faranti ba daga wuri ɗaya ya fito ba. Ƙuli-ƙuli da daƙuwa sun biyo fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja, waɗanda da yawansu suka gangaro kudu bayan yaƙin basasar Salaga na 1892. Poloo, wanda ake soyawa da fulawa da kwakwa, na mutanen kudu ne. Biskit ɗin Ayigbe kuwa, mai taurin da sai mai haƙori, daga Agbozume yake a yankin Volta, kuma da sitacin rogo ake yin sa.

Ƙasa ce ke zaɓa wa mai girki abin da za ta kwaɓa. Alkama ba ta yi a kurmin Asante, amma ana noman ta da rani a fadamun Kano, shi ya sa alkaki ya yi gida a can. Ana ɓarza alkamar, a kwaɓa, a bar ta ta kwana ta yi tsami, sannan a murɗa a soya, a tsoma cikin zuma ko narkakken sukari. Nakiya kuma shinkafa ce ake soyawa a daka da man shanu da citta da kanumfari da masoro. Ba banza ba waɗannan biyun suka zama ginshiƙin garar amarya: suna yin watanni ba su lalace ba, tun zamanin da babu firji. Daƙuwa ma ta sauya hali a hanya. A ƙasar Hausa an fi sanin ta aya, a Gana kuwa soyayyar masara ce da gyaɗa da yaji.

Haka abin yake a Italiya, ƙasar da ba ta dunƙule ba sai 1861, don haka kowane yanki ya riƙe nasa. Garin Prato a Tuskani ya yi suna da cantucci, wanda ake gasawa sau biyu har ya bushe ƙarau, dabarar hana lalacewa ke nan. Gidan burodin Antonio Mattei yana yin sa tun 1858. Saronno na da amaretti mai ɗan ɗaci, na ƙwallon aburikot da farin ƙwai. Casale Monferrato na da krumiri mai lanƙwasa, Siyena kuma ricciarelli mai laushi.

Inda suka sha gabanmu shi ne rajista. Tarayyar Turai ta ba ricciarelli na Siyena kariyar suna a 2010, don haka wanda ya yi shi a wani yanki ba zai sayar da shi da wannan suna ba. Namu girke-girken a kan tsofaffi mata suke, awonsu gwangwani da tafin hannu. Ni dai na fi ji wa alkaki da nakiya tsoro, domin aikinsu na kwana biyu ne, yayin da cincin da kek ke kammaluwa a yammaci guda, kuma su ne yanzu suka fi cika robobin biki.