Mai Ciwon Sukari da Abincin Sallah

Gabatarwa

A ƙasar Hausa, da zarar an sauko daga idi sai kwanoni su fara yawo tsakanin gidaje. Wannan gida ya aiko da tuwon shinkafa da miyar taushe, wancan ya aiko da waina ko funkaso, ga alkaki da nakiya da dubulan, ga zoɓo da kunun aya da lemon kwalba. Idan kuwa Babbar Sallah ce, sai a shafe kwanaki ana suyar naman layya. Haka abin yake a gidajen Kirista lokacin Kirsimeti. Ga mai ƙoshin lafiya, iyakar abin shi ne nauyin ciki da kasala. Amma ga mai ciwon sukari, musamman wanda ya yi watanni yana kame bakinsa daga abinci mai sitaci, waɗannan 'yan kwanaki suna iya rushe aikin da ya daɗe yana yi, wani lokaci ma su kai shi ga gadon asibiti.

Wannan matsala ba ta mutane ƙalilan ba ce. A shekarar 2021, Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya miliyan 537 ne ke da ciwon a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su san suna da shi ba. Saboda haka da wuya ɗalibi ko malami ya rasa uwa ko uba, kaka ko maƙwabci da wannan bayani ya shafa.

Abin da Sitaci ke Yi a Jiki

Gero da dawa da masara da shinkafa da alkama da rogo da doya duk cike suke da sitaci. Shi kuwa sitaci, a idon masanin kimiyya, dogon zare ne na ƙwayoyin sukari da ake kira gulukos, waɗanda aka jera kamar carbi. Tun daga baki miyau ke fara tsinka wannan zare, ƙaramin hanji ya ƙarasa aikin, sa'an nan gulukos ya ratsa ya shiga jini. Wannan ne ya sa tuwo, ko da yake ba ya da zaƙi a harshe, yake ɗaga sukarin jini kamar yadda alewa ke yi.

Abin mamaki shi ne ƙanƙantar sukarin da jini ke ɗauka. Jinin baligi kusan lita 5 ne, amma gulukos ɗin da ke yawo a cikinsa gaba ɗaya bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, wato kimanin cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Mai kula da wannan ma'auni shi ne sinadarin insulin, wanda wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, mai suna fankiriyas, take fitarwa. Aikin insulin kamar na mabuɗi ne: yana buɗe ƙwayoyin tsoka da na kitse don gulukos ya shiga, yana kuma umurtar hanta ta adana rarar. A ciwon sukari nau'i na farko, jiki ya daina yin insulin. A nau'i na biyu, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, insulin yana nan amma ƙwayoyin jiki sun daina amsa masa yadda ya kamata, kuma ƙiba, musamman teɓa da kitsen da ke taruwa a hanta, tana ƙara tsananta wannan taurin kai.

Idan sukari ya haura kimanin miligiram 180 a kowace desilita ta jini, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ya zubo cikin fitsari ya jawo ruwa tare da shi. Daga nan yawan fitsari da ƙishirwa ke samo asali.

Tarihin Rage Sitaci

Dabarar rage sitaci ta girmi allurar insulin da fiye da ƙarni guda. A shekarar 1797 wani likitan soja ɗan Sikotilan, John Rollo, ya bayyana yadda ya yi wa mai ciwon sukari magani da abincin da akasarinsa nama ne da kitse. A lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin Faris ƙawanya a 1870 zuwa 1871, abinci ya yi ƙaranci, sai wani masani Bafaranshe, Apollinaire Bouchardat, ya lura cewa sukari ya ragu ko ya ɓace a fitsarin wasu majinyatansa. Yunwar yaƙi ta nuna abin da ƙoshin biki ke nunawa ta ɗaya fuskar: yawan abin da ya shiga baki shi ke juya ciwon. Sai a 1921 ne Frederick Banting da Charles Best suka tace insulin a Jami'ar Toronto ta Kanada, aka kuma fara yi wa majinyaci allurarsa a Janairun 1922.

A yau idan likitoci suka ce tsarin rage sitaci, yawanci suna nufin kada jimillar sitaci da sukarin da mutum ke ci ta wuce giram 130 a yini. Masu tsanantawa kan sauko zuwa giram 20 zuwa 50. A 2019 Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ta amince da shi a matsayin ɗaya daga cikin hanyoyin cin abinci da ke taimaka wa masu nau'i na biyu. Muhimmancin rage ƙiba kuwa ya fito fili a wani gwaji da aka yi a Birtaniya, wanda mujallar Lancet ta buga a 2017. A cikinsa, kashi 46 cikin 100 na waɗanda aka ɗora bisa tsarin rage ƙiba sun ga sukarinsu ya sauko ƙasa da matakin ciwon bayan shekara guda ba tare da shan magani ba. Daga cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye, kashi 86 cikin 100 ne suka sami wannan sauƙi. Wannan ita ce ribar da mai ciwon ke son karewa idan Sallah ta zo.

Tarko na Farko: Faranti Ɗaya da Kwalba Ɗaya

Bari a yi lissafi. Giram 100 na dafaffiyar farar shinkafa na ɗauke da sitaci kimanin giram 28. Madaidaicin faranti mai giram 250 ke nan ya kai giram 70. Kwalbar lemon zaƙi mai santilita 35 na ɗauke da sukari sama da giram 35, wato kusan cokalin shayi tara. Kafin a taɓa alkaki ko nakiya, an riga an haura giram 100 a zama ɗaya. Wannan ya kusa cinye rabon yini guda na mai sassauci, ya kuma ninka na mai tsanantawa aƙalla sau biyu. Idan aka ƙara da cewa yawon Sallah kan kai mutum gida uku ko huɗu, kowane gida da farantinsa, to lissafin ya wuce misali.

Akwai kuma wani abu da ba kowa ya sani ba. Jikin da ya daɗe ba ya samun sitaci da yawa yakan rage shirinsa na karɓarsa, ta yadda idan aka zuba masa shi kwatsam, sukarin jini kan tashi fiye da yadda aka zata. Shi ya sa ma likitoci, kafin su yi wa mutum gwajin shan ruwan gulukos, sukan umurce shi ya ci aƙalla giram 150 na sitaci kullum har kwana uku. Bugu da ƙari, wanda ya bi tsarin rage sitaci da sanin likita, galibi an rage masa yawan magani ko allura don su dace da ɗan abin da yake ci. Ranar Sallah sai kaya ya ƙaru alhali mai ɗaukarsa ya ragu. Ga tsofaffi, sukari mai tsanani haɗe da bushewar jiki na iya kaiwa ga ruɗewa da doguwar suma.

Tarko na Biyu: Nama da Mai

Wasu masu ciwon sukari kan ɗauka cewa Babbar Sallah tasu ce, tun da nama ba shi da sitaci. Gaskiya ne soyayyen nama ba ya ɗaga sukari nan take kamar tuwo. Sai dai ma'aunin ƙiba lissafinsa daban ne. Giram ɗaya na sitaci ko na furotin yana ba da kalori 4, amma giram ɗaya na mai ko kitse yana ba da kalori 9. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ya kai kalori 120. Naman layya da aka tsoma cikin tafasasshen mai, da dambun nama, da kitsen rago, da kayan ciki, duk suna tara kalori a ɗan ƙaramin wuri, ga kuma gishiri da ɗanɗano masu tayar da hawan jini, wanda sau da yawa yake tafiya tare da ciwon sukari. Wanda kuma ciwon ya riga ya taɓa masa ƙoda, yawan nama ƙarin nauyi ne a kanta, dole ya tsaya ga abin da likita ya yanka masa.

Abin da Sikeli ke Faɗa Bayan Biki

Sau da yawa wanda ya saki baki a Sallah yakan hau sikeli bayan kwana uku ya ga ƙarin kilo biyu, sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya ce aikin banza ya yi, ya watsar da tsarin gaba ɗaya. A nan ilimin halittu yana da albishir. Jiki na adana gulukos a hanta da tsoka a siffar wani abu mai suna gilaikojin, kimanin giram 500 ga baligi, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa kimanin giram 3. A jikin mai rage sitaci wannan rumbu ya ragu. Da ya ci tuwo da waina sai rumbun ya sake cika, ruwan ya dawo tare da shi, gishiri kuma ya ƙara riƙe wani ruwan. Don a tara kilo ɗaya na kitse ana bukatar rarar kalori kimanin 7,700. Kilo biyu a kwana uku na nufin rarar sama da kalori 5,000 kullum, a kan abin da jiki ke ƙonawa, abin da ba kasafai ake iya ci ba. Saboda haka mafi yawan abin da sikeli ya nuna ruwa ne, kuma yakan tafi cikin 'yan kwanaki idan aka koma kan tsari.

Ainihin haɗarin yana cikin ɗan abin da ke maƙalewa. Wani bincike da aka yi a Amurka kan manya 195, wanda aka buga a shekarar 2000, ya nuna cewa ƙarin nauyin da suka samu a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara bai kai rabin kilo ba, amma kuma bai sauka ba a sauran watannin shekara. Wanda ke da Sallah biyu a shekara, ga bukukuwan aure da suna, to da kaɗan-kaɗan tulu ke cika. Wani gwaji kuma da aka yi a Birmingham ta Ingila kan mutum 272, aka buga a 2018, ya nuna cewa waɗanda aka ƙarfafa su riƙa hawa sikeli a kai a kai lokacin Kirsimeti sun fito ba tare da ƙarin nauyi ba, sauran kuwa sun ƙaru.

Dabarun da Bincike ya Tabbatar

Na farko shi ne jerin cin abinci. Masu bincike a birnin New York sun nuna a 2015 cewa idan mai ciwon ya fara da ganye da nama kafin sitaci, sukarinsa ba ya tashi kamar idan ya fara da sitacin, ko da kuwa abincin iri ɗaya ne. Dalili shi ne ganye da furotin suna jinkirta fitar abinci daga tumbi. Ke nan kwaɗon zogale ko rama, ko kabeji da latas, da 'yar tsokar nama, su riga malmala shiga ciki. A yawaita miyar kuɓewa ko ta alayyahu, a rage tuwon.

Na biyu shi ne tafiya. A 2016 masana a Jami'ar Otago ta New Zealand sun gano cewa tafiyar minti 10 bayan kowane cin abinci ta fi tafiyar minti 30 a lokaci ɗaya rage tashin sukari, domin tsoka mai aiki tana zuƙar gulukos daga jini. Ziyarar dangi da ƙafa, in gidajen suna kusa, magani ce.

Na uku shi ne zaɓi tun kafin rana. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai ciwon ya yanke wa kansa abu ɗaya da ya fi so, waina biyu alal misali, ya ci a gida ɗaya, ya bar sauran. Abin sha kuwa, ruwa ko zoɓon da ba a sa wa sukari ba. Zuma da dabino, duk da darajarsu, mafi yawan nauyinsu sukari ne, don haka a lissafa su. Kada kuma a ƙi cin abinci tun safe don a tara wa rana wuri, domin mai allurar insulin ko mai shan ƙwayoyi irin su gilibenkilamaid sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da miligiram 70, da alamun rawar jiki da gumi da jiri. Wanda ya sauya lokutan shan magani saboda azumi ya tuntuɓi likita kafin Ƙaramar Sallah kan yadda zai koma tsarinsa na da. Mai na'urar awon sukari ya auna awa biyu bayan cin abinci. Mai nau'i na farko kuwa ba ya barin allurarsa ko da ya rage sitaci, kuma amai da ciwon ciki da saurin numfashi alamu ne na a garzaya asibiti.

Kammalawa

Akwai ɓangaren da na'ura ba ta aunawa, wato kunya. A al'adar Bahaushe mayar da abincin mai masauki abu ne mai nauyi, kuma dattijo ya gwammace ya ci abin da zai cuce shi da a ce ya raina kwanon surukarsa. Kalmar nan ta "Baba, ai yau Sallah ce, ɗan taɓa kaɗan" ta fi kowace ƙwaya tasiri a kan sukarin jininsa. A nan ne ɗalibin da ya fahimci wannan darasi yake da rawar takawa. Shi ne zai tuna wa masu girki su ɗebi zoɓon Kaka kafin a zuba sukari, su gasa ko su dafa rabon namanta maimakon suya, su kuma zuba mata tuwo a ƙaramin kwano. Shi ne zai raka Baba 'yar tafiya bayan la'asar. Idan kuma an yi kuskure an ci fiye da kima, gyaran ya fara daga abinci na gaba, kada a jira sai Sallah ta wuce, domin ita mai yawan baya ce.