Famfo a Jikin Randa: Gyaran da Ruwan Shan Batsari da Safana Ke Jira

Duk wanda ya san ƙauyukan Batsari da Safana, daga Ruma da Wagini har Runka da Zakka, ya san ruwa ba ya zuwa gida da arha. Da bazara mata da yara kan yi sammako su bi layi a rijiyar burtsatse, wasu kuma su sayi jarka a hannun 'yan garuwa. Shi ya sa in ana maganar ruwa, hankalin kowa, har da na gwamnati, kan tafi wurin haƙa sabuwar rijiya. Ba laifi ba ne. Amma ruwan da ya fito garau daga ƙarƙashin ƙasa yakan kwana a gida ya wayi gari da cuta a cikinsa, kuma yawanci a randa abin ke faruwa.

Bakin randa buɗe yake, moɗa ɗaya ce ta kowa. Yaro ya dawo daga wasa ya ɗauka ya tsoma, yatsunsa har cikin ruwa. Uwa ta gama wanke wa jariri kashi, ta ɗauraye hannu ba sabulu, ta ɗebo. A sha, a kife moɗar a kan murfi ko a ƙasa inda kaji ke yawo. Ƙwayoyin cutar kwalara da na taifot daga bayan gida suke fitowa, ido ba ya ganinsu, ruwan kuma ba ya sake kala ko ɗanɗano. Tun da hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu suka tarwatsa ƙauyuka, jama'a suka cunkushe a garin Batsari da Dutsin-Ma da Katsina, randar da a da mutum bakwai ke sha daga cikinta ta koma ta gida biyu ko uku. A 2021 hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka ta ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Katsina na cikin jihohin da abin ya fi taɓawa.

An gwada maganin wannan matsala a wuri mai kama da namu. A wani sansanin 'yan gudun hijirar Mozambik da ke ƙasar Malawi, masu bincike sun raba wa wasu gidaje bokiti mai murfi da ɗan bututun tsiyaya, wanda hannu ba ya shiga cikinsa. Sakamakon da mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 2001 ya nuna ƙwayoyin ƙazanta a ruwan waɗannan gidaje sun ragu da kashi 69 cikin ɗari, gudawa a tsakanin yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta ragu da kashi 31. Ba a canja musu rijiya ba, ba a zuba magani ba. Hannu kawai aka raba da ruwa.

A jikin randa, famfo ne zai yi wannan aiki, sai dai famfo ba laya ba ne. Wanda aka ƙera da ganganci yakan zama shi ne maɓoyar cutar, kuma a nan ne ya kamata maƙera da masu saye su buɗe ido.

Fara da bakin famfon. Dole ya kalli ƙasa, ya kasance gajere, don ruwa ya tsiyaye gaba ɗaya bayan an rufe. In yana da lanƙwasa ko lungun da ruwa ke kwanciya, ƙwayoyin cuta kan manne a bangon ciki su yi wa kansu wani yauƙi mai santsi, irin wanda kake ji in ka sa yatsa cikin tsohuwar jarka. Wannan yauƙi yana kare su har daga sinadarin kulorin, don haka ɗauraya ba ta fitar da shi, sai an goge. Ke nan famfon da ba a iya kwance shi a wanke ba famfon kirki ba ne, komai ƙyallinsa. Mariƙin da ake murɗawa ko dannawa kuma ya kasance a sama, nesa da mafitar ruwa, domin hannun da ya buɗe kada ya shafi inda ruwan ke fita. Masu ƙira nagari har ɗan leɓe suke yi ya kewaye bakin, yadda kofi ko bakin yaro ba zai taɓa shi ba.

Wurin da aka huda a jikin mazubin ma yana da muhimmanci. In aka kafa famfon a can gindi, laka da dattin da suka kwanta su za su fara fitowa. A ɗaga shi kamar faɗin yatsu uku ko huɗu. Robar da ke toshe hujin da notin da ke ɗaure shi daga ciki su zauna daram, don inda ruwa ke yoyo, nan datti ke taruwa.

Akwai abin da ba a cika lura da shi ba: duk ruwan da ya fita, iska ce ke maye gurbinsa. In murfi ya rufe ruf ba mashigar iska, famfon zai riƙa shaƙewa, mai gida ya gaji ya cire murfin, ƙurar hunturu da ƙudaje su samu ƙofa. Ana bukatar ɗan huji ƙarami a rufe da ƙyalle mai tsabta, ko murfin da iska ke iya kurɗawa ta ƙarƙashin gefensa. Bokitin ƙungiyar Oxfam mai cin lita 14, wanda ake rabawa a sansanonin gudun hijira, an yi masa murfi mai kamawa da ƙaramin baki na zuba ruwa, an kuma lanƙwasa gindinsa ta ciki don kada datti ya samu kusurwar maƙalewa.

To me zai hana a raba bokitin roba kawai a huta? Zafi. Randar ƙasa tana gumi, gumin yana bushewa yana sanyaya ruwa, kuma wanda ya dawo daga gona a watan Afrilu ba zai sha ruwan roba mai ɗumi ba alhali randa na gefe. Bokitin zai koma na ajiyar gero. A yammacin Kenya an fahimci haka, aka sa masu ginin tukwane suka riƙa gina randa mai ƙaramin baki da murfi, suna barin hujin famfo tun yumɓu na ɗanye. Ni a ganina wannan ce hanyar da ta dace da mu. Mata masu ginin tukwane muna da su, masu walda da za su yi wa randa ƙafa ta ɗaga daga ƙasa suna nan a bakin kasuwa. Bokitin wanke hannu mai famfo da Veronica Bekoe ta ƙasar Ghana ta ƙirƙiro ya cika ƙofofin makarantu da asibitoci lokacin korona a 2020, don haka abin ba baƙo ba ne.

Masu sayar da zoɓo da kunun zaki a kula mai famfo, ku naku ya fi tsanani, domin sukari abinci ne ga ƙwayoyin cuta. Kwance famfon kullum da yamma, a wanke da ruwan zafi da sabulu, a shanya.

Hukumar RUWASSA mai samar da ruwa a karkarar Jihar Katsina da ƙananan hukumomin Batsari da Safana su sa randa mai famfo cikin kowane aikin rijiya da za su yi, su fara da makarantun allo da gidajen da suka karɓi 'yan gudun hijira, kafin damina ta sauka.