Uwargida, wane littafin girki ne ya cancanci kuɗinki?

A halin tsadar da ake ciki, tukunyar da ta lalace asara ce babba, shi ya sa littafin girki mai kyau ya fi ƙarfin kayan ado a kanta. Sai dai uwargidan da ke Mararaban Rido, ko Kaciya, ko Kafancan, tana bukatar littafin da ya san abin da ke kasuwarta.

Idan kika ci karo da Nigerian Cookbook na H. O. Anthonio da M. Isoun, wanda kamfanin Macmillan ya buga a 1982, kada ki bar shi. Tsoho ne, ba shi da ƙyale-ƙyalen littattafan yanzu, amma don kicin ɗin Nijeriya aka rubuta shi. My Everyday Lagos na Yewande Komolafe, mai rubutu a jaridar New York Times, ya fito a 2023. Yana da kyau ƙwarai, sai dai girkin Legas ne da aka tsara wa masu dafa abinci a Amurka, farashinsa kuma da dala ake lissafawa.

Wanda ya fi kusa da mu, abin mamaki, ɗan Senegal ne ya rubuta shi. A 2019 Pierre Thiam ya wallafa The Fonio Cookbook, littafi guda sukutum a kan acca. Accar nan dai da ake nomawa a kudancin Kaduna da Filato, wadda muka tsayar a kan tuwo da kunu da fate, shi ya nuna ana dafa ta wara-wara kamar shinkafa, ana haɗa ta da ganye, har kayan zaƙi ana yi da ita. Tana nuna cikin 'yan mintuna, ga sauƙin gas da gawayi. Aikinta yana wajen rege yashi. Masu ciwon sukari na yawan komawa gare ta, amma ita ma hatsi ce: a auna, a bi shawarar likita.

Ki lura da awo. Kofi a littafin Amurka kusan mililita 240 ne, gwangwanin madara bai kai haka ba, kuma nan kek yake lalacewa. Gishiri ma kada ki bi littafi ido rufe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ba, kuma na cikin magi yana cikin lissafin. Daddawa da citta da albasa za su rufa miki asiri.

Duk littattafan nan da Turanci suke. Miyar karkashi ko faten tsaki irin na gidanku kuwa, sai ki sayi littafin rubutu ki zauna kusa da Inna ranar da take girkawa. Idan ta ce "ɗan kaɗan", ki tare hannunta da cokali ki auna, sannan ki rubuta.