Makulli a kan wasan ƙwallon waya: wa yake tsarewa?

Daga cikin wasannin ƙwallon da samari ke bugawa a waya, a rumfunan caji na Jabo, Tambuwal da Kebbe, akwai wanda tsoho ne aka yi wa kwaskwarima, wato PES. Kamfanin Konami na Japan ya fitar da PES na ƙarshe na na'urar PSP tun 2013. Amma da manhajar PPSSPP, wadda Henrik Rydgård ya ƙirƙira a 2012, sai ga shi yana tafiya a wayar Android, har da Victor Osimhen cikin rigar Galatasaray. Ba Konami ne ya ɗinka masa rigar ba. Wasu matasa ne a Najeriya, Indonesiya da Brazil ke zama su sauya fuskoki, riguna, filaye da muryar mai sharhi, su sake fitar da shi kowace kakar wasa.

Yanzu da yawansu sun koma kulle aikin. Za ka sauke fayil mai nauyi, ka buɗe da ZArchiver, ya ce sai ka kawo kalmar sirri, ita kuwa an ɓoye ta a tsakiyar wani bidiyon YouTube.

Dalilinsu abin dubawa ne. Mutum ya kwashe makonni yana zana fuskoki, ya ƙona data da kuɗin caji, washegari wani ya goge sunansa ya liƙa nasa. Wannan satar suna ta fi asarar kuɗi ciwo. Ga kuma neman taro da sisi: ba ya iya sayar da wasan a fili tunda ba nasa ba ne, don haka abin da yake samu daga tallace-tallacen da ke kan hanyar saukewa ne da yawan masu kallon bidiyonsa. Kalmar sirrin ce ke tilasta a bi ta ƙofarsa.

Sai dai makullin ba ya riƙewa. PPSSPP ba ta iya karanta fayil a kulle. Dole a kwance shi kafin a buga. Da zarar mutum ɗaya ya kwance, shi ke nan. Mai turi a ranar kasuwa zai zuba wa duk wanda ya miƙo waya ta Xender, ba data, ba kalmar sirri. Masu shirya fina-finan Kano sun ɗanɗana wannan tun lokacin da turi ya durƙusar da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai.

To wa ya rage a waje? Na farko yaron da ya sayi data da guminsa, a garin da sabis ke ɗaukewa, ya gama saukewa ya tarar an goge bidiyon da ke ɗauke da kalmar. Na biyu, kuma shi ya fi damuna, mai son koyo. Wannan sana'a ba ta da makaranta. Ana koyonta ne kamar gyaran babur, a kwance a ga yadda aka ɗaura. Masu kullewar yau da buɗe aikin wasu suka ƙware. Idan aka dagula sunayen fayiloli aka rufe ciki, yaron Jabo da zai iya sa wa Sokoto United riga a wasan ya zama ɗan kallo kawai. Akwai kuma haɗari: manhajar kariya ba ta iya leƙa cikin fayil mai kalmar sirri, mugu kuwa ya san haka.

Doka ma ba ta tsaya wa masu kullewa sosai ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta hana fasa makullin fasaha da ke kare aiki. Amma gindin wasan na Konami ne, tambura na kulob-kulob ne. Da wuya mai kwaskwarima ya kai ƙara ba tare da an fara tuhumarsa ba.

Abin da ya fi yi musu aiki shi ne dasa suna a cikin wasan kansa: a shafin farko, a allunan talla na gefen fili. Haka Bomba Patch, wani PES da aka yi wa kwaskwarima a Brazil, ya yi suna tun wajen 2007, ana kwafarsa ko'ina, kowane kwafi na tafiya da sunansa. Mai son goge irin wannan sai ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, mai turi kuwa ba shi da wannan lokacin.