Haɗarin Jirgin P-80 da Mutuwar Richard Bong

Gab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, manyan ƙasashe sun shiga rige-rigen ƙera jirgin yaƙi marar farfela, wato mai injin jet. Jamus ta fito da Me 262, Ingila ta fito da Gloster Meteor. Da Amurka ta ga ana neman barin ta a baya, sai kamfanin Lockheed ya ƙera P-80 cikin kwana 143 kacal, jirgin ya fara tashi a Janairun 1944.

Shi injin jet iska yake zuƙa ya matse ta, ya gauraya ta da mai ya ƙona, zafin ya fita ta baya da ƙarfi ya ingiza jirgin gaba. Da zarar mai ya yanke, wutar ta mutu. In hakan ta faru a lokacin tashi, kafin jirgi ya yi nisa sama, matuƙi ba shi da sararin gyara komai. A nan raunin P-80 yake. A Oktoban 1944 matsalar famfon mai ta yi ajalin Milo Burcham, babban matuƙin gwaji na Lockheed.

Manjo Richard Bong kuwa gwarzo ne, domin ya kakkaɓo jiragen Japan 40, adadin da babu wani Ba'amurke da ya kai. Amma duk bajintar nan a jirgin P-38 mai farfela ya yi ta. A jet bai wuce 'yan awoyi ba. Ranar 6 ga Agusta 1945 ya tashi da P-80 daga Burbank a jihar Kalifoniya. Babban famfon mai ya samu matsala, kuma famfon ko-ta-kwana bai kasance a kunne ba. Bong ya fice daga jirgin, amma ya yi kusa da ƙasa ainun, laimarsa ba ta samu buɗewa ba. Ya rasu yana da shekara 24, a ranar da aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima.

Bayan haka aka gyara tsarin man jirgin, kujera mai cilla matuƙi waje ta zama ka'ida a jiragen yaƙi. A 1948 kuma aka fitar da T-33 daga jikin P-80, mai kujera biyu, don kada matuƙi ya fara tuƙa jet sai da malami a bayansa.