Ba kowace kaca ke hawa kowane keke ba

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a gidajen mai da dama. Duk mai bin hanyar Jega zuwa Aliero ko ta Maiyama ya ga abin da ya biyo baya: keke ya dawo. Manomin albasa ya jingine babur, malamin firamare ya koma taka feda, ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ma haka. Wasu sun kakkaɓe tsohon Rali ko Phoenix da suka gada, wasu kuma, musamman matasa, sun sayi na gwanjo mai giya, wanda ake kira ɗan Kwatano.

Da kekuna suka yi yawa sai ƙorafi ya taso. Daga Gehuru har cikin kasuwar Jega magana ɗaya ake yi: kayan gyaran yanzu duk jabu ne, kuma keken giya ba na ƙauye ba ne. Mutum ya sayi sabuwar kaca da safe, kafin la'asar tana tsalle a kan haƙora, ko ta zame masa yana tsakar hawan tudu da buhu a baya. Sai ya zagi ɗan China, ya zagi mai shago, ya yi rantsuwa ba zai ƙara ba.

Jabu akwai shi, babu mai musu. Amma sau da yawa an bar jaki ana dukan taiki. Kacar mai kyau ce, firiwil ɗin mai kyau ne, abin canja giyar ma lafiyarsa ƙalau. Ba a yi su don su yi aiki tare ba ne kawai. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne jin mai sayarwa ko mai gyara ya ce wa mutum, "Kai dai ɗauka, kaca duk ɗaya ta." Wannan kalma ta cinye kuɗin talakawa fiye da yadda jabu ya ci.

Akwai dalilin da ya sa mutane suka yarda da ita. Bayan da Hans Renold ya ƙera irin wannan kaca a Manchesta ta Ingila a 1880, sannu a hankali masu ƙera kekuna suka tsaya a kan awo ɗaya na tsawo: tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne, wato milimita 12.7. Ko daga Indiya ta fito, ko Japan, ko Italiya, haka take. Shi ya sa kusan kowace kaca za ka iya ɗora ta a kan haƙora ka ga kamar ta zauna. Kuma shekaru da dama kekunan da muka sani iri ɗaya ne: Rali, wanda har masana'antarsa aka yi a Kano, da Phoenix na China, da Hero na Indiya. Dukkansu faifan haƙora ɗaya gare su a baya, kacarsu kuma mai faɗi ce, cikinta kusan milimita 3.2. A wancan zamani maganar mai shago gaskiya ce.

Keken giya ya rushe wannan lissafi. A bayansa an jera faifai shida, bakwai, takwas, tara, har sha biyu, kuma duk a ɗan wurin da ke tsakanin taya da bodi. Gwargwadon yawan faifan, gwargwadon matsuwarsu. A keke mai faifai bakwai tazarar da ke tsakanin wannan da wancan milimita 5 ce, a mai takwas 4.8, a mai tara kusan 4.35, a mai goma ba ta kai 4 ba. Dole kaca ta rame ta bi su. Ta mai faifai shida zuwa takwas faɗinta daga waje ya ɗan haura milimita 7, ta mai tara kusan 6.6, ta mai goma kusan 6, ta mai sha ɗaya kusan 5.5. Bambancin rabin milimita ido ba ya ganinsa a kan teburin mai shago. Ƙafa ce ke jinsa a kan hanya. Ka ɗora kacar Phoenix a kan keke mai faifai bakwai, za ka ji tana gogar faifan da ke kusa, tana ƙara kaca-kaca, tana maƙalewa a hannun da ke ɗaga ta. Ka ɗora siririya a kan haƙoran Phoenix masu kauri, ba za ta zauna har ƙasa ba, sai ta hau kansu ta tsaya.

Saboda haka sunan kamfani ba shi ne abin dubawa na farko a kaca ba. Kacar KMC ta Taiwan tana tafiya lafiya a kan haƙoran Shimano muddin lambarsu ta zo ɗaya. A jikin kwalin ana rubuta 6, 7, 8, ko 9, ko 10. Tsuguna bayan kekenka ka ƙirga faifan da yatsa kafin ka tafi kasuwa. Masu shida, bakwai da takwas kaca ɗaya ta wadatar da su. Daga tara zuwa sama kowa da tasa.

Inda abin ya fi rikita masu gyara shi ne canjin giya. A da, ɗan hannu ne kake turawa a hankali, kana saurare, har ka ji kaca ta zauna ka sake shi. A 1984 kamfanin Shimano na Japan ya fito da tsarin da kowace dannawa ke yin ƙas, ta ja waya daidai wani awo, ba ƙari ba ragi. Hannun da ke baya shi ke karɓar wannan ja ya mayar da shi motsi zuwa gefe, ya ajiye kaca a kan faifai na gaba. A yawancin kayan Shimano na masu faifai shida zuwa tara, idan waya ta ja milimita ɗaya hannun baya yana motsa kusan 1.7. Kamfanin SRAM, da aka kafa a Chicago ta Amurka a 1987, ya zaɓi nasa awon a kayansa da dama: ja ɗaya, motsi kusan ɗaya. Campagnolo na Italiya shi ma da nasa lissafin daban.

Misalinsa kamar mai sayar da gero ne yana awo da mudu, mai karɓa kuma yana ƙirga da tiya. Mudun ba na ha'inci ba ne, tiyar ma haka, amma ko kwana za su yi lissafinsu ba zai haɗu ba, kuma gwargwadon yawan awon gwargwadon nisan da za su yi wa juna. Haka abin dannawa na SRAM yake yi da hannun baya na Shimano. A faifai na farko kamar an dace, a na biyu an ɗan kauce, kafin na biyar kaca tana rataye tsakanin faifai biyu. Mai gyara zai wuni yana murɗa sukurori, ya gyara sama ƙasa ta lalace, ya gyara ƙasa sama ta lalace, daga ƙarshe ya ce kayan ne jabu. Haka kuma idan aka haɗa abin dannawa na mai faifai bakwai da firiwil mai takwas, ko da kamfani ɗaya ya yi su.

Mafita tana da sauƙi kuma ba ta da tsada. Abin dannawa da hannun baya su zama na tsari ɗaya, lambar abin dannawa kuma ta yi daidai da yawan faifai. Kamfanonin Taiwan irin su SunRace da microSHIFT suna yin kaya masu bin awon Shimano, suna kuma rubuta hakan a kwali. Idan ba a samu ba, a koma wa ɗan hannun nan na da wanda ba ya ƙas. Shi ba ruwansa da kamfani, kunnen mai keke ne ke yi masa awo, kuma a ganina shi ya fi dacewa da mai zirga-zirga tsakanin gona da kasuwa.

Tiredi ma wani tarko ne. Yawancin kekuna suna amfani da zare 24 a inci ɗaya a ramin da sandar feda ke juyawa, amma tsofaffin Rali na Ingila 26 ne. Tsofaffin kekunan Faransa, irin su Peugeot, da ke shigowa cikin gwanjo, fedarsu ta ɗan fi ta sauran siranta. Ka kawo feda ta yau da kullum, za ta shiga zagaye biyu ko uku sannan ta cije. A nan ne yaron shago ke ɗauko dogon sifana ya hau da ƙarfi, ya cinye tiredin, a wayi gari sai an kai wa mai walda. Kuma fedar hagu a kowane keke juyinta a baibai yake: hagu ake murɗa ta a ɗaure. Duk abin da yatsu ba su iya shigar da shi ba a zagayen farko, sifana ba zai gyara shi ba.

Sai laifin da ke wuyanmu mu masu hawa. Ƙurar hunturu da yashin fadama, idan suka haɗu da baƙin man inji da muke kwarara wa kaca, sun zama abin wasa ƙarfe. Suna cin ƙusoshin ciki har kaca ta ƙara tsawo, ita kuma ta ci haƙora su koma kamar ƙugiya. Ranar da aka ɗora sabuwar kaca a kan waɗannan haƙora dole ta yi tsalle, ko daga ina aka kawo ta. Tef ɗin tela ya isa gwaji. Ka miƙe kaca, ka ƙirga tazara ashirin daga ƙusa zuwa ƙusa: sabuwa santimita 25.4 ce. Idan ta wuce 25.5 lokacin canji ya yi. Idan ta haura 25.6 to da wuya haƙoran su tsira, sai a canja su tare. Goge kaca da tsumma da ɗiga mai kaɗan ya fi a yi mata wanka da baƙin mai.

Masu gyaran kekenmu ba su gaza ba. Sun koyi sana'a a kan Rali da Phoenix, kuma a nan babu mai ja da su. Kasuwa ce ta cika da wani irin keke ba tare da wani ya zauna ya nuna musu awonsa ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018, kuma duk shekara muna ganin manyan jami'ai sun hau keke an ɗauki hoto. Da za a ɗauki kaɗan daga kuɗin bikin a shirya wa masu gyara na Jega, Aliero da Maiyama horon kwana biyu, ga jami'a a Aliero da malaman injiniya, da an fi amfana. Hukumar SON kuma, mai kula da ingancin kaya, ta matsa a daina sayar da kaca tsirara a leda babu lamba babu suna.

Kafin hakan ta samu, mai karatu, kare kuɗinka da kanka. Ƙirga faifan bayan kekenka, karanta sunan da ke jikin abin dannawa da na hannun baya, ka tafi kasuwa da tsohon abin da za ka canja a hannunka. Mai shagon da ya ce maka duk ɗaya ne, ka yi masa sallama ka wuce shago na gaba.